Rami na Shida

Babana tsohon soja ne. A Dakoro ba wanda ke kiransa da sunansa, sai Kafaran, muƙamin da ya dawo da shi daga yaƙin Nasara. Da ya tuɓe kaki ya zama mai gadin kantin wani anasara da ke sayen fatu da ƙaro. Bayan an sami 'yancin kai anasaran ya tattara ya koma ƙasarsu, ya sayar wa wani Alhaji kantin da ma'auninsa da akwatin ƙarfe da wata ƙaramar bindiga. Alhajin nan falken hatsi ne, yana kai kaya Maraɗi har cikin Najeriya. Babana ma ya shiga cikin cinikin, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba. Ɗakuna biyun da muke zaune a bayan kantin na mai kanti ne, kuma muddin babana yana gadi, namu ne. Ba mu da wani gida a garin.

Bindigar irin mai ganga ce. A tsakiyarta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai rami shida, kowane rami na ɗaukar harsashi ɗaya. In an ɗaga 'yar gudumar da ke bayanta, sai gangar ta juya ta kawo rami ɗaya daidai da bututun, ta tsaya cak. Babana fistole yake ce mata. Alhaji yana rataye ta a ƙarƙashin babbar riga cikin gidanta na fata, in zai biya kuɗi a kasuwa sai ya ɗage hannun riga fiye da yadda ake bukata. Bai taɓa harba ta ba. Goge ta da ɗura ta aikin babana ne, kowace Asabar da hantsi.

A shekarar da nake magana ina da shekara goma sha bakwai, ina kwaleji a Maraɗi, na zo gida hutun damina. Ni mutum ne da ba ya iya kallon babba a ido. In aka tambaye ni abu a cikin taro, harshena ya kan yi nauyi har wani ya amsa a madadina. Amma littafin rubutuna ba ɗigon tawada ko ɗaya a inda bai dace ba, kuma da wannan nake fahariya a ɓoye. Babana ya lura da yadda nake feƙe fensir, wata Asabar ya ce, "Zamna nan. Hannunka ya yi kama da na mai wanga aiki."

Ya kan shimfiɗa tabarma a inuwar bangon kanti, ya ɗora farin ƙyalle a kai. Abu na farko, ya juya bakin bindigar wajen bango, ya buɗe ta, ya zazzage harsasan a tafin hannu, ya ƙirga, ya zuba su cikin hularsa, ya tura hular can ƙarshen tabarma. Duk da ya ƙirga, sai ya ɗaga gangar sama ya leƙa kowane rami har ya ga haske ta ciki.

"Ai ka riga ka ƙirga, Baba," na ce masa ranar farko.

"Wanda na sani a barikin soja shi ma ya ƙirga," ya ce, bai ƙara ba.

Daga nan sai tsinken ƙarfe da tsumma da aka tsoma a kananzir. A zura cikin bututu, a fitar, a sake tsumma, har sai tsumman ya fito fari. Haka kowane rami na gangar. Sannan mai, man keken ɗinki, da gashin kaza ake ɗiga shi, ɗigo ɗaya a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ya ce a garinmu mai in ya yi yawa rairayi yake kira, rairayi kuwa ya fi tsatsa cin bindiga. Ya kan bi kowace ƙusa da farcen babban yatsa ya ji ko ta saki. Ya kan ɗaga gudumar a hankali, ya kasa kunne ga ƙarar da take yi, ya kama gangar da yatsu biyu ya girgiza ya ji ko tana rawa.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji da wani tsinken tagulla santsi, kaurinsa daidai cikin bututun. A ɗaga guduma, a zura tsinken ta baki. In rami ya tsaya daidai da bututu, tsinken zai wuce har ƙarshe ba tare da ya taɓa komai ba. Wannan gwajin babana da kansa yake yi, yana juya mini baya kaɗan, ni kuma na ɗauka don haske ne.

Asabar ta huɗu awaki suka shiga rumbun da ke bayan kanti, ya tashi ya bi su, ya bar mini komai. Na gama gogewa, na ɗauki tsinken tagulla. Rami na ɗaya ya wuce. Na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, duk lafiya. A na shida tsinken ya shiga ya ci karo da wani abu, ƙyas, ya tsaya. Sai da na murɗa gangar da yatsa kamar kaurin farce kafin ya wuce. Na sake zagayowa. Sau tara na yi, don ban yarda da sau ɗaya ba, kuma sau tara ya tsaya a rami guda. Da na duba da kyau na ga ɗan zane siriri a gefen ramin, wanda aka yi da ƙusa. Sai na tuna harsasan da ke cikin hula. Kullum biyar ne. Na ɗauka biyar Alhaji yake da su.

Babana ya dawo yana karkaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa. Ya dubi tsinken a hannuna, ya dubi fuskata.

"Ka same shi ke nan," ya ce.

Ya zauna, ya nuna mini tabon da ke ƙarƙashin idonsa na hagu. Tun ina yaro nake gaya wa abokaina a yaƙi ya same shi. Ashe a bayan kantin nan ne. Anasaran yana harbin gwangwani don nishaɗi, babana yana tsaye a hagunsa, da aka zo rami na shida harsashin ya gogi gefen bututu, ɓarɓashin darma ya fito ta gefe ya shige shi a kunci. Anasaran ya ba shi auduga da kwalin taba. Tun daga ranar babana ya yi wa ramin alama, yana barinsa wofi, yana kwantar da gudumar a kansa.

"Alhaji ya sani?"

"Wa zai gaya mishi? Anasara? Ai da kuɗin ya ragu."

"Kai fa?"

"Ni gadi aka ɗauke ni. Mutum ya sayi doki yana ta sukuwa cikin gari, ka tare shi ka ce dokinka gurgu ne?" Ya karɓi tsinken ya goge shi da ƙyalle. "Biyar sun ishe shi. Ko ɗaya bai taɓa harbawa ba."

Da haka maganar ta tsaya, da ba don kamiyo ba. Alhaji ya sayi babbar motar ɗaukar kaya, ta farko da za ta zama tasa shi kaɗai, za a kawo ta daga Maraɗi ranar kasuwa mai zuwa ta biyu. Asabar da ta biyo baya ya leƙo inda muke, yana cin goro.

"Kafaran, sannu da aiki. A'a, mushe, malamin boko, ma na nan? Yaushe za a ba ka kujerar gwamna mu samu shiga?"

Na sunkuyar da kai na gaishe shi cikin wuya.

"Wanga ɗa naka, Kafaran, ko kurma ne suka maido muna daga makarantar lakwal?" Ya yi dariya, ba da mugunta ba. "To ji nan. Ran da kamiyo za ta iso, ina so in tarbe ta da wagga. Shida ringis, a ƙofar kanti. Har mutanen Korahane su ji su tambaya. Ka cika ta."

"To, Alhaji," in ji babana.

Da ya tafi na ce, "Baba, yaya za ka yi?"

"Biyar zan sa. In ya ja na shida bai tashi ba, in ce harsashin ya sha raɓa."

"In ya buɗe ya gani fa? In ya sa na shidan da kansa? Mutane za su cika wurin."

"Kafin nan za mu tahi Sabon Maci awon wake, ni da shi kan raƙuma. A hanya ba kowa. Can zan faɗa mishi, in ya yi fushi daji ya ji."

"Yaushe za ku tafi?"

"In Allah ya so."

"Kafin kamiyo ko bayanta?"

"Na ce maka in Allah ya so. Kai naka karatu. Bar mini wagga."

Kwana uku ina juya abin. A raina na ce babana shekara da shekaru yana cewa to, har ya manta yadda ake cewa wani abu daban. A kwaleji kuwa kullum ana gaya mana ƙasa ta zama tamu, mu ne za mu gyara ta, zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce. Na yi niyyar zuwa in faɗa wa Alhaji da bakina. Sau biyu na kai ƙofar kanti, sau biyu na wuce kamar rijiya za ni. A ƙarshe na yi abin da na iya. Na yage takarda biyu daga tsakiyar littafina, na ja layi, na rubuta wasiƙa da Faransanci.

Har yau ina iya karanto ta. Na fara da gaisuwar girmamawa yadda aka koya mana a rubuta wa babba. Sannan na jera abin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaya, an gwada ramukan shida sau tara, biyar daidai, ɗaya ya kauce. Na biyu, lahanin ya girmi cinikin, wanda ya sayar da ita ya san da shi. Na uku, saboda haka mahaifina bai taɓa ɗura mata fiye da biyar ba tun da ta shigo hannun Alhaji. Na huɗu, ina roƙo kada a harba ta cikin taro sai an kai wa mai gyara. Na sa na ukun ne don a ga hankalin babana, a gode masa. Sau uku na kwafe ta kafin ta fito yadda nake so. Na sa hannu, na ninke, na sa cikin ambulan.

Alhaji yana karanta ajami, amma ba ya karanta boko. Na san haka, don in ina gida ni yake kira in karanta masa takardun biro, wato ofishin hukuma. Da na tsaya kusa, da ni zai miƙa wa ita, in karanta masa mu biyu. Amma kunya ba ta bar ni ba. Da safe na ajiye ambulan a kan buzunsa a rumfar ƙofar kanti, na ɗauki littafi na tafi bayan gari, na zauna gindin wata aduwa, ina jin kamar na sauke kaya.

Wajen azahar wani ɗan dako ya same ni can ya ce Alhaji na nemana. Da na iso rumfar ta cika. Abokan cinikinsa na nan, da dillalan hatsi, da wasu Buzaye biyu da suka kawo gishiri. Babana yana tsaye a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa. Ashe Alhaji ya ga ambulan da rubutu mai kyau, ya ɗauka takardar izinin kamiyo ce daga hukuma. Ya neme ni bai gan ni ba, sai ya jira har mutane suka taru, ya miƙa wa wani kwami, wato ma'aikacin biro, da ke zuwa shan shayi wurinsa, ya ce ya karanta kowa ya ji. Kwamin ya karanta, yana juya ta Hausa layi bayan layi, bai tsallake komai ba.

"Ga mai takarda nan," in ji ɗaya daga cikin dillalan. "Alhaji, ashe gurguwa anasara ya bar maka."

"Ku duba ma'aunin ma," wani ya ce, "kada shi ma biyar yake aunawa a madadin shida."

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Goron da ke hannunsa bai kai baki ba.

"Kai ka rubuta wagga?"

Na ɗaga kai na sauke.

"Ubanka ya sa ka?"

Na buɗe baki. Ina so in ce a'a, ya ma hana ni. Ido kusan ashirin na kaina. Kafin kalmar ta fito babana ya ce, "Ni na sa shi, Alhaji."

Alhaji ya juya gare shi. "Kafaran. Ni da kai mun kwana daji. Mun ci tuwo kwano ɗaya a hanyar Ajekoriya. Ba ka da bakin da za ka faɗa mini, sai ka sa a rubuto mini da harshen anasara, kamar mai kai ƙara?"

"Na yi kuskure, Alhaji."

"Shekara nawa ina yawo da ita, ina cewa shida gare ni, kai kana bayana ka san biyar ne. Da 'yan fashi sun tare mu fa?"

"Da biyar sun isa a gudu, Alhaji."

Wani ya sake yin dariya, kuma ina jin wannan dariyar ce ta ƙarasa mu. Alhaji ya miƙa hannu. Babana ya kwance makullan kanti daga ɗamararsa ya ba shi.

"Ran da kamiyo za ta iso direba zai zo da iyalinsa," in ji Alhaji. "Yana bukatar ɗaki."

Da la'asar babana ya zauna a tabarmarsa, ya ce in kawo kwafin da na rage. Ya san ba zan rasa kwafi ba. Ya ce in karanta masa da Hausa, a hankali, don a rumfa hayaniya ta hana shi ji sosai. Na karanta. Innata tana daka a tsakar gida, ta daina.

"Sau tara ka gwada?"

"Sau tara."

"Ni ban taɓa wuce sau biyu ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sun koya maka."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, ranar ko bayanta. Na so ya yi.

Ba mu da inda za mu sai wajen ƙanensa a Sabon Maci, inda ake da 'yar gona da babana bai taɓa nomawa ba tun yana saurayi. Damina ta riga ta yi nisa, ba abin da za a shuka. Ranar da za mu tashi ita ce ranar kamiyo. Muna ɗaure tukwane da tabarmi a kan jakuna biyu na aro, sai muka ji ƙahon mota daga hanyar Maraɗi, da guɗar mata, da yara suna gudu. Babana yana jan igiya, ƙafarsa ɗaya dafe da cikin jaki. Da harbin farko ya tashi, sai babana ya tsaya.

Ya ƙirga da yatsu, igiyar tana hannunsa na dama. Ɗaya. Biyu. Tsakanin na uku da na huɗu an daɗe, ina jin Alhaji yana gyara tsayuwa ne. Biyar. Babana ya kai hannu kuncinsa na hagu.

Shida.

Guɗa ta sake tashi. Muka kasa kunne ko za mu ji wani irin kuka daban. Ba mu ji ba.

"Ta tashi," in ji babana. "Allah ya sa ba kowa a hagunsa." Ya ja igiyar ya ƙulle. Can kuma, kamar yana magana da jakin, ya ce, "Shida ya harba, kuma ba mai goge ta yau. Kafin kaka tsatsa ta ci cikinta."

Mun bi ta bayan kasuwa don kada mu ratsa taron, amma labari ya riga mu. Wani mai sayar da igiya ya ɗaga murya ya ce, "Kafaran, shida muka ji. A gaya wa mushe ya sake lissafi." Babana ya ɗaga masa hannu kamar an gaishe shi.

Ban san ko bindigar ta taɓa yi wa wani rauni daga baya ba. Ban ji ba, kuma na yi ta tambaya shekaru, har na gane ina tambayar ne da fatan a ce mini e. A garin abin da ya zauna shi ne Kafaran da ɗansa ɗan lakwal sun yi wa bindigar Alhaji ƙazafi, ta ƙaryata su a gaban jama'a. Ni na san abin da tsinken ya taɓa. Sau tara na ji shi a yatsuna.

Babana ya yi shekara huɗu a Sabon Maci yana noman wake da hannun da bai saba ba, a ɗakin da ƙanensa ya fitar da awaki ya ba shi. Tsinken tagullar yana soke a jinkar ɗakin. Nasa ne, ba ya cikin cinikin. Innata ta kan zaro shi ta tsokane bakin buta in ya toshe.

Da na koma Maraɗi bayan hutun, aikin farko da mushen Faransanci, wato malaminmu, ya ba mu shi ne mu rubuta wa wani babba wasiƙa muna sanar da shi wata matsala cikin ladabi. Ban sha wahala ba. Na canja bindiga ta zama rijiya, na bar sauran yadda yake. Ya ba ni maki mafi yawa a ajin, ya sa na tashi tsaye, ya karanta ta da ƙarfi kowa ya ji.